Masu Gadin Dare

Ranar Laraba ruwa na tsiyaya a Manchester
kamar yadda ya saba, ba sallama, ba ban kwana.
Na hau bas zuwa ɗakin karatu na Cheetham Hill,
gwiwa na ƙara, lema na ɗiga,
don Rumasa'u 'yar maƙwabcina ta ce sai na zo.

Mu tara ne, kowa da furfurarsa.
Ga Doreen da na'urar ji a kunne,
ga Leroy da ya tuƙa jirgin ƙasa shekara talatin,
ga ni, Tanimu, tsohon mai gadin dare.

Rumasa'u ba ta zo da allo ba.
Lemo biyu ta ajiye a kan tebur.
Ɗaya da ɓawonsa, sumul.
Ɗaya ta tsaga shi tun makon jiya,
ya yi funfuna, yana tashin tsami.
Ta ce, "Baba, ga fatarka.
Katanga ce da ba ka biya magini ba."

Na dubi bayan hannuna,
ya yamutse kamar tsohuwar takardar kuɗi.
Ashe da katanga nake yawo.

Sai katuna masu manyan baƙaƙe,
don idanunmu sun ɓata da ƙanana:
hawaye, yawu, majina.
Majina! Abin da muke fyacewa muna kau da kai,
ita ce danƙon da ke riƙe ɓarawo a bakin ƙofa.
Leroy ya yi dariya har haƙoran robarsa suka motsa.

Ta zura hannu cikin safa,
ta watsa wake a tebur.
Safar ta bi waken ɗaya bayan ɗaya tana haɗiya.
"Irin waɗannan suna cikin jininku," in ji ta.
"Ba sa tambayar suna,
ba sa jiran takarda daga sama.
Wanda ba ɗan gida ba, da gani sai cafka."

Nan na gyara zama.
Shekara ashirin da biyu ina zagaya rumbun kaya a Trafford Park
da tocila da flas ɗin shayi.
Ban san fuskar ɓarawo ba,
na dai san wanda bai kamata ya tsaya can ba.
Da safe kuma babu mai cewa sannu,
don daren da komai bai faru ba
ba a rubuta shi.

Ta nuna mana a kwamfutar hannu
yadda rauni ke ja, ya kumbura, ya ɗau zafi:
hanya ake buɗewa, gudummawa na tafe.
Mugunya kuwa gawarwakin masu gadi ce,
waɗanda suka faɗi a bakin aiki.
Zazzaɓi, wuta ce da gida ya hura da kansa
don baƙo ya kasa zama.

Sai ta sassauta murya.
"In shekaru suka ja, su ma tsufa suke.
Wani sa'in cuta na ciki, jiki bai yi zafi ba.
Kada ku jira zazzaɓi kafin ku kira likita."

Ban ji sauran ba.
Asabe nake gani, cikin sanyin bara waccan,
zaune bakin gado tana kirana da sunan ƙaninta.
Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau,
na ce gajiya ce, kwanta.
Kwana uku ina gadin goshi,
ɓarawo yana cikin huhu.

Doreen ta miƙo mini alewa. Ba ta tambaya ba.

Da aka tashi na roƙi kati guda,
mai ɗauke da ruɗewa, ƙin abinci, numfashi sama-sama.
Na manna shi a ƙofar firji
kusa da jadawalin salla.

Da magariba wuƙa ta ɗan taɓa ni wajen yanka albasa.
Kafin in kwanta wurin ya yi ja,
yana bugawa a hankali.
Na ce, sannunku da aiki,
ni ma na san tsawon daren nan.
Na kashe fitila, na bar musu gidan.